Katirij ba buhun masara ba ne: kuskuren da masu firinta ke yi wajen tara tawada

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka sakar wa kasuwa darajar naira, duk wanda sana'arsa ta dogara da kayan waje ya koyi darasi guda: abin da ba a saya yau ba, gobe sai an ƙara kuɗi. Dalar da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai a hukumance ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Ganin haka, masu shagon buga takardu, da makarantu masu zaman kansu, da ƙananan ofisoshi, suka ari dabarar 'yan kasuwar hatsi, wato a saya da kaka a jibge a sito. Wanda kuɗi ya shigo masa sai ya sayi katirij goma ko ashirin a tashi ɗaya, ya zuba a kwali, ya tura saman kabad, yana ganin ya riga tsada.

Bayan shekara ɗaya ko biyu sai labari ya sha bamban. Lokacin rajistar JAMB ya zo, ɗalibai sun yi layi a bakin shago, tawada ta ƙare. Mai shago ya sauko da kwalin, ya yage ledar da ba a taɓa buɗewa ba, ya saka katirij ɗin, sai firinta ta fito da takarda fara fat. Ko ta fito da rubutu mai tsallake layi. Ko kuma ta ce sam ba ta gane abin da aka saka mata ba. Daga nan rigima ta tashi. Mai firinta ya ce an sayar masa da jabu, mai sayarwa ya ce firintar ce ta lalace, mai gyara kuma ya ce duk makircin kamfani ne.

Kowannensu yana iya yin gaskiya a wasu lokuta. Amma tushen matsalar ya girmi wannan rigimar. Ledar katirij tana rage saurin lalacewarsa ne kawai, ba ta tsayar da ita. Don haka tara katirij don gudun tsada dabara ce da ta fi kawo asara a kan riba, musamman a yanki mai zafi irin Arewa. A ɗaya ɓangaren kuma, kwanan watan da ke jikin kwali ba hukuncin kisa ba ne, kuma jefar da katirij don kawai ya ƙi aiki a gwajin farko ita ma asara ce da za a iya kauce mata.

Abin da ke faruwa a cikin leda

Mafi yawan abin da ke cikin tawadar firinta ruwa ne. Sauran su ne launi, da sinadarai irin su gilisarin da ke hana ta saurin bushewa, da waɗanda ke daidaita kaurinta, da masu hana ƙwayoyin cuta da fumfuna tsirowa a cikinta. An auna wannan haɗin ne domin ya bi ta ƙofofin da suka fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Da zarar kaurinta ya ɗan canja, feshin ya canja.

Roba da leda, komai kyan rufinsu, ba sa hana tururin ruwa fita ɗari bisa ɗari. A hankali, wata bayan wata, ruwan yana raguwa, tawadar tana kauri. A daidai bakin ƙofofin feshi, inda tawadar ta fi kusa da iska, nan ne take fara daskarewa ta zama toshiya. A lokaci guda iska tana samun hanyar shiga, ta taru ta zama kumfa a cikin soson da ke riƙe da tawadar ko a hanyar da take bi. Kumfa ɗaya a wurin da bai dace ba ta isa ta katse tawada daga isa bakin feshi, alhali katirij ɗin cike yake.

Akwai kuma bambancin irin tawadar. Wata launinta narkakke ne a cikin ruwa. Wata kuma ƙananan ƙwayoyin launi ne ke yawo a cikin ruwan, kamar gari a kunu. Irin ta biyun ita ce ta fi jure ruwa da rana a kan takarda, amma idan ta daɗe a ajiye ƙwayoyin suna kwantawa ƙasa, su dunƙule. Baƙar tawadar HP 123 da ta Canon PG-445 irin wannan ce, yayin da masu launinsu, wato HP 123 mai launi uku da Canon CL-446, narkakkiyar ce. Shi ya sa ake iya samun baƙi da mai launi da aka saya rana ɗaya, aka ajiye wuri ɗaya, amma kowanne ya fito da irin tasa matsalar. Mai launi uku kuma yana da nasa rauni: idan launi ɗaya ya toshe, hoton fasfo ko katin gayyata ba zai fito daidai ba, ko da sauran biyun lafiya suke.

Zafi ne babban ɓarawo

Takardun bayanin HP suna cewa a ajiye katirij a yanayin ɗaki, tsakanin digiri 15 zuwa 35 a ma'aunin salshiyos. A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram, zafin inuwa a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40, wani lokacin ya haura. Wannan a inuwa ke nan. Cikin shagon kwantena da tsakar rana, ko saman kabad a ƙarƙashin rufin kwano marar silin, ko but ɗin mota da aka ajiye a rana, zafin ya zarce haka da nisa. Duk ƙarin zafi yana ƙara saurin ƙafewar ruwa. Haka kuma iskar da ke cikin katirij tana kumbura da rana ta takure da dare, kuma wannan kai-komon yana iya tura tawada waje ko ya ja iska ciki. Bayan zafin bazara kuma ga bushewar hunturu, lokacin da iska ke tsotse danshi daga komai.

Sannan katirij ba daga masana'anta yake faɗowa hannun mai saye ba. Ya yi makonni a jirgin ruwa, ya zauna a tashar jiragen ruwa ta Legas, ya hau tirela zuwa Arewa, ya kwana a sito, sannan ya rataya a shago, wani lokacin a bayan gilashin da rana ke duka kullum. Mai saye bai san ko ɗaya daga cikin wannan tarihin ba. Shekara biyun da kamfanoni suka saba bayarwa daga ranar ƙerawa lissafi ne na ajiya mai kyau. Katirij ɗin da ya sha bazara biyu a kwantena ya tsufa fiye da abin da kwalinsa ke nunawa, wanda aka ajiye a ɗaki mai sanyi kuma yana iya wuce ranar da watanni yana aiki lafiya.

Me kwanan watan ke nufi?

A nan ma akwai ruɗani, domin ba duka kwanakin ba ne suke nufin abu ɗaya. A kayan HP, ranar da ke jikin katirij ɗin kansa yawanci ranar ƙarewar garanti ce, kuma shekara ce ke fara zuwa kafin wata. Ma'anarta ita ce bayan wannan ranar kamfani ba zai canja shi ba idan ya ba da matsala. Ba ta nufin tawadar ta mutu a daren ranar. Epson kuma tana buga ranar da ta ba da shawarar a yi amfani da katirij kafin ta cika, tana kuma cewa a ƙarar da shi cikin wata shida bayan an buɗe. Canon ma tana ba da shawarar wata shida bayan fara amfani.

Akwai wasu tsofaffin firintocin HP, musamman na ofis irin su jerin Business Inkjet, da ke karanta ranar daga ɗan cif ɗin da ke jikin katirij, su tsaya cak idan wa'adi ya cika. Wasu kuma gargaɗi kawai suke yi, su ba mutum damar ci gaba idan ya amince. Amma mafi yawan ƙananan firintocin gida da shago ba ruwansu da kwanan wata. Idan irin waɗannan suka ƙi bugu, ba kalanda suka duba ba, akwai wani dalili na zahiri da ya kamata a nema.

Masu cewa duk dabarar kamfani ce

Akwai masu gyara da masu shago da yawa da ke cewa maganar wa'adi tatsuniya ce da kamfanoni suka ƙirƙira don a yi ta saye. Ba a banza suke wannan zargin ba. An daɗe da sanin cewa ana sayar da ƙaramar firinta da araha ne domin a ci riba a tawada. Katirij ɗin HP 123 baƙi na talaka, a lissafin kamfanin da kansa, shafi kimanin 120 yake bugawa. Kuma a watan Satumban 2016 ɗimbin firintocin HP na jerin OfficeJet suka wayi gari sun daina karɓar katirij ɗin da ba cif ɗin HP ne a jikinsu ba, sakamakon wani tsari da aka saka a manhajar cikinsu. A watan Disamban 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 10 a kan rashin bayyana wa masu saye wannan takurawar yadda ya kamata. Wanda ya san wannan tarihin, in ya yi shakkar duk abin da aka rubuta a kwali, ba a ga laifinsa ba.

Sai dai rashin yarda da kamfani bai hana ruwa ƙafewa. Kuma idan aka duba da kyau, wannan tarihin hujja ce a kan masu tarawa. Mutumin da ya jibge katirij na wasu kamfanoni masu araha guda ashirin, ya bar firintarsa a haɗe da intanet tana sabunta manhajarta da kanta, yana iya tashi wata rana ya tarar duka ashirin ɗin sun zama kayan ado, alhali tawadar da ke ciki lafiya ƙalau take. Haka nan idan firintar ta mutu, ko aka sace ta, ko aka canja ta da wata mai amfani da wata lamba daban. Buhun masara kowa zai saya. Katirij kuwa ba ya da kasuwa sai wurin mai irin wannan firintar, shi ma sai ya karya farashi idan ya ga kwanan wata ya matso. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Ba kowane ƙin aiki ne lalacewa ba

Kafin a ɗora wa tsufa laifi, akwai dalilai huɗu da ke sa sabon katirij ya ƙi aiki, kuma babu wanda ya shafi bushewa a cikinsu.

Na farko shi ne yanki. Kamfanoni suna raba duniya shiyya-shiyya, su ba katirij iri ɗaya lambobi daban. Firintar HP DeskJet 2130 misali ce mai kyau: wadda aka yi wa kasuwar Afirka da Gabas ta Tsakiya tana cin lamba 123, ta Yammacin Turai 302, ta Amurka 63, ta Indiya da Sin kuma 803. Siffarsu ɗaya, suna shiga gurbi ɗaya, amma firinta ba ta karɓar na wata shiyyar. Haka OfficeJet Pro 7740 take, 953 a wannan ɓangaren, 952 a Amurka. A ƙasar da firintocin gwanjo daga Turai da Amurka suka cika kasuwa, wannan shi ne abu na farko da ya kamata a duba. Lambar da ta dace yawanci tana rubuce a cikin murfin firintar, ko a jikin tsohon katirij ɗin da aka cire.

Na biyu shi ne katirij na haya. HP tana da tsarin biyan kuɗi wata-wata mai suna Instant Ink a wasu ƙasashe. Katirij ɗin wannan tsarin ba ya aiki sai a firintar da aka yi wa rajista kuma ake biya mata. Irinsu suna shigowa cikin kayan gwanjo a rufe da ledarsu, cike da tawada ta asali, amma ba za su buga komai ba a shagon da ke Zariya ko Katsina. Sunan tsarin yana rubuce a jikinsu.

Na uku shi ne salatif ɗin kariya. Kowane sabon katirij yana zuwa da ɗan tef da ke rufe bakin feshi ko ramin shan iska. Idan ba a cire shi ba, ko ya yage ya bar guntu a kan ramin iskar, tawada ba za ta sauko ba, kamar yadda ruwa ba ya fita da kyau daga gwangwanin madarar da aka huda wuri ɗaya. Wannan ƙaramin abin ya jawo wa katirij da yawa shiga kwandon shara.

Na huɗu shi ne jabu. Ana tattara fankon katirij, a ɗura masa tawada mai araha, a sake rufe shi a leda da kwali mai kama da na asali. Kwalin HP na asali yana da tambarin tsaro da alamominsa ke motsi idan an karkata shi, da lambar QR da ake dubawa da waya. Cikawa da sayarwa a matsayin cikakke sana'a ce ta halal. Sayar da shi a matsayin sabo kuwa ha'inci ne.

Gwaji kafin jefarwa

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida idan suna farautar matsala: a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a fara da mafi sauƙi. Ita ce ta dace da katirij.

Idan ya daɗe a kwance ko a kife, a tsayar da shi yadda zai zauna a cikin firinta na wasu awanni kafin a saka, domin tawada ta sauko inda ake buƙatarta. Idan daga wuri mai sanyi sosai aka ɗauko shi, Epson tana cewa a bar shi aƙalla awa uku ya daidaita da yanayin ɗaki. Irin na Epson mai tawadar ƙwayoyi ana girgiza shi sau huɗu ko biyar tun yana cikin leda, ba bayan an buɗe ba.

Idan firinta ta ce ba ta gane shi ba, matsalar ta lantarki ce, ba ta tawada ba. A ciro shi, a goge ɗigo-ɗigon tagullar da ke jikinsa da busasshen ƙyalle marar zare, a goge na cikin firintar ma, a kashe ta a cire daga wuta na minti ɗaya, sannan a mayar. Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu sun isa su hana sadarwa.

Idan ta gane shi amma takarda ta fito babu komai, kuma irin katirij ɗin ne mai ɗauke da bakin feshinsa a jikinsa, kamar HP 123, 305, 652 ko Canon PG-445, akwai gwaji mai sauƙi. A ninka tisu, a ɗan jiƙa shi, a danna bakin katirij ɗin a kai na daƙiƙa biyu ko uku. Baƙi zai bar layi baƙi. Mai launi zai bar layi uku, shuɗi da ja-ja da rawaya. Launin da bai fito ba, shi ne ya toshe. Masu gyara sukan tsoma bakin kawai, ba duka katirij ɗin ba, a cikin ruwa mai ɗumi da zurfinsa bai kai faɗin farce ba, na 'yan mintuna, sannan su sake gwajin tisu. Ruwan da ya fi dacewa shi ne tatacce marar gishiri, irin ruwan haɗa allura da ake samu a kemis, domin ruwan burtsatse yana barin gishiri a ƙofofin. Dole ne tagullar ta bushe sarai kafin a mayar. Ban da fetur, ban da tafasasshen ruwa, ban da tsokana da allura. Wannan dabarar masu gyara ce, ba umarnin kamfani ba, don haka ta ƙarshe ce kafin kwandon shara.

Daga nan sai a buga shafin gwaji daga manhajar firintar, a yi mata wankin kai sau ɗaya, a sake bugawa a kwatanta. Idan ana samun ci gaba, a ƙara sau ɗaya ko biyu. Idan an kai uku babu canji, a tsaya. Epson tana ba da shawarar a bar firinta ta huta awa shida zuwa sha biyu, gwargwadon samfurinta, kafin a sake, domin kumfa ta lafa, busasshiyar tawada ta jiƙa. Kowane wanki yana shan tawada mai yawa, yana kuma cika soson da ke karɓar dattin tawada a ƙasan firintar, wanda idan lissafinsa ya cika firintar tana tsayawa sai an je wurin mai gyara.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ci gaba da tura bugu, ana fatan tawada za ta balle da kanta. Firintocin HP da Canon na gida suna feshi ne da zafi: wani ɗan mitsitsin abin ɗumama yana kai wa kimanin digiri 300 cikin ƙasa da ƙiftawar ido, ya tayar da kumfar da ke cilla ɗigon tawada. Tawadar ce kuma ke sanyaya shi. Idan babu ita, yana ƙonewa, kuma wanda ya ƙone ba ya dawowa.

Wace firinta ce za ta iya ɗaukar kasadar?

Tambayar ko a saka katirij ɗin da ya wuce wa'adi ba ta da amsa ɗaya. A firintar da bakin feshi ke jikin katirij, kasadar ƙarama ce. Idan ya ƙi, shi kaɗai aka rasa, kuma dama an riga an biya kuɗinsa. Babu dalilin jefar da shi ba tare da gwaji ba.

A firintar da kan feshi yake zaune a cikinta dindindin, irin Epson da Brother, ko yake zaman kansa daban da katirij, irin OfficeJet Pro da wasu Canon, lissafin ya canja. A nan katirij tanki ne kawai. Tawadar da ta yi kauri ko ta dunƙule za ta wuce cikin kan da kuɗin canja shi yakan kusanci kuɗin sabuwar firinta. Wanda ya wuce wa'adi da 'yan watanni, kuma an san a inuwa ya zauna, ana iya saka shi. Wanda ya yi shekaru, ko ba a san inda ya kwana ba, ko ledarsa ta saki, ko aka ga tabon tawada a ciki, bai cancanci a sayar da firinta a kansa ba.

Abin da ya kamata ya canja

Mai saye ya lissafa abin da yake ƙararwa a wata, ya ajiye abin da bai wuce na wata uku zuwa shida ba. Ya rubuta ranar saye a kwali da maka, ya fara amfani da wanda ya fi daɗewa. Ajiyar ta zama a aljihun tebur na ƙasa ko a roba mai murfi, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da rufin kwano da janareta da inbata, kwalin kuma a tsaye yadda ake rataye shi a shago. Firiji ba mafita ba ne. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, firiji sanyi ne da zafi a jere, ga raɓa da ke taruwa a kan tagulla, kuma idan tawada ta daskare ta zama ƙanƙara tana iya lalacewa gaba ɗaya.

Makarantu da ofisoshi su daina sayen tawadar shekara guda a takardar kuɗi ɗaya don kawai a ƙarar da kasafi kafin ƙarshen shekara. Yarjejeniya da mai kawo kaya, ya riƙa kawowa kashi-kashi duk zangon karatu, ta fi sito cike da kwalaye da babu mai duba kwanan watansu.

Masu sayarwa su ne suka fi kowa ikon gyara lamarin. Sayen katirij a halin yanzu cinikin biri a sama ne: an biya, an tafi, in ya ƙi aiki a ce ai an buɗe leda. Amma ba a iya sanin lafiyarsa sai an buɗe. Adalci shi ne mai shago ya nuna kwanan wata kafin a biya, ya tambayi samfurin firinta da inda ta fito, ya rubuta lambar katirij a rasit, ya kuma ba da kwana biyu ko uku na canji. Wanda wa'adinsa ya matso ko ya wuce a ware shi, a rage masa kuɗi, a faɗa wa mai saye gaskiya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai an bari ya ga rariyar tukuna. Kankare kwanan wata ko liƙa takardar farashi a kansa ɓoye aibi ne, kuma ɓoye aibin kaya ba shi da wani suna a ciniki sai algus.

Kamfanoni kuma, tun da sun san kayansu suna zuwa ƙasashe masu zafi, ya kamata su buga ranar ƙerawa da ranar wa'adi ɓaro-ɓaro a gaban kwali, da jerin ƙasashen da katirij ɗin zai yi aiki a cikinsu. Cif ɗin da ke jikinsa ya tsaya a gargaɗi, ya bar wa mai kaya hukuncin ƙarshe.

Wanda kuma ya ga kullum yana cikin wannan wahalar, wataƙila ba katirij ne matsalarsa ba, firintar ce ba ta dace da aikinsa ba. Mai bugu da yawa kullum ya fi dacewa da firinta mai tanki, irin wadda Epson ta fara fitarwa a Indonesiya a 2010, wadda ake zuba wa tawada daga kwalba. Kwalbar lamba 103 da L3110 da L3250 ke amfani da ita mililita 65 ce, tana buga dubban shafuka, ko da yake ita ma tana da wa'adi, kuma firintar tana son a riƙa bugu da ita a kai a kai. Mai buga baƙin rubutu jefi-jefi ya fi dacewa da firintar leza, domin tonarta gari ce, ba ta bushewa, duk da cewa ita ma zafi mai tsanani da danshi suna dunƙula ta. Wanda kuwa bai wuce shafi goma a wata ba, shagon buga takardu na bakin titi ya fi masa araha a kan kowace firinta.

Tsoron tashin farashi gaskiya ne, kuma babu laifi mutum ya nemi kare jarinsa. Amma a zuba kuɗin a abin da zai jira. Rim ɗin takarda a busasshen wuri zai jira shekara. Batirin inbata mai kyau zai biya kansa. Katirij kuwa daga ranar da ya bar masana'anta yake raguwa, ko an buɗe shi ko ba a buɗe ba. Duk wanda ke da kwali a saman kabad yau, ya sauko da shi kafin bazara mai zuwa, ya duba kwanan wata, ya fara da mafi tsufa, ragowar da ba zai ƙarar ba kuma ya sayar wa maƙwabcin da ke buƙata tun suna da daraja.